Karatun da ɗalibi ke yi da kansa a intanet: wanne ne ke zama a kai?

A ajin da ɗalibai suka cika maƙil, malami ba shi da zaɓi sai ya tafi da gudu ɗaya, domin jadawalin zango ba ya jiran kowa. Idan mako na huɗu na lissafin rabi da sulusi ne, to a mako na biyar an wuce zuwa wani babin, ko an gane ko ba a gane ba. Yaron da zazzaɓi ya kwantar a wannan makon, ko wanda ya ji kunyar ɗaga hannu, haka zai ɗauki wannan giɓin ya shiga da shi sakandare, inda aljabra za ta tarar da shi ba shiri, daga nan kuma a fara cewa ba shi da kan lissafi. Wani masanin ilimi na Jami'ar Chicago a Amurka, Benjamin Bloom, ya yi rubutu a kan wannan matsala tun a 1968, inda ya nuna cewa yawancin ɗalibai za su iya ƙwarewa a darasi idan aka bai wa kowa lokacin da yake buƙata, aka gwada shi, aka gyara masa kuskurensa kafin a wuce gaba. Matsalar ita ce malami ɗaya ba zai iya yi wa kowane yaro haka ba, kuma wannan gurbin ne shafuka da manhajojin karatu na intanet suke cewa sun zo cikewa.

Mu a ƙasar Hausa wannan tsari ba baƙo ba ne. A makarantar allo kowane almajiri da inda yake: wani yana babbaƙu, wani yana farfaru, wani ya yi nisa a izu, kuma duk a rumfa ɗaya suke zaune. Abin da ya riƙe tsarin shi ne biyawa. Ba ka wanke allonka sai ka zo gaban malam ka karanta ya ji, ya tsayar da kai a inda ka yi tuntuɓe, sannan ya yi maka ƙari. Da wannan ma'aunin nake auna duk wata manhajar karatu da aka kawo mini, ko ta lissafi ce ko ta Turanci ko ta kimiyya: shin tana sa ɗalibi ya biya, ko kuwa kallo kawai take ba shi?

Dalilin da ya sa nake wannan tambaya shi ne yawancin abin da iyaye suke kira karatu a waya, kallon bidiyo ne. Yaro zai zauna awa guda yana kallon wani malami yana warware lissafi a allo, yana gyaɗa kai, kuma har ga Allah yana jin ya gane, amma da zarar an miƙa masa fensir da takarda sai hannu ya tsaya. An gwada wannan a bincike. A 2006 wasu masana biyu na Jami'ar Washington da ke St. Louis, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun bai wa ɗalibai wani ɗan rubutu su karanta. Wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu kuma suka karanta a zama ɗaya kawai aka ɗauke takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba, amma bayan mako guda waɗanda aka sa suka tuno da kansu sun riƙe kashi 61 cikin 100, su kuwa masu maimaitawa kashi 40 kawai, duk da cewa su ne suka fi tabbacin sun iya. Wahalar da ƙwaƙwalwa take sha wajen lalubo amsa ita ce take kafa karatun.

Khan Academy, wani shafin karatu kyauta a intanet, ita ce misalin da aka fi sani. Salman Khan ya fara ne a 2004 da koya wa wata 'yar uwarsa lissafi daga nesa, ya fara ɗora bidiyo a YouTube a 2006, sannan a 2008 ya kafa ƙungiyar da ba ta neman riba. Bidiyon ne ya yi masa suna, amma a ganina atisayen da ke biye da bidiyon ya fi shi daraja. Na zauna kusa da ɗan ƙanwata da ke ajin farko na ƙaramar sakandare yana fama da rabi a tara da sulusi. Ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya rubuta biyu bisa biyar, kuskuren da kusan kowane yaro yake yi. Nan take shafin ya ce masa bai yi daidai ba, ya sake gwadawa. Ya ɓata rai ya danna neman taimako, sai aka buɗe masa mataki ɗaya tak, wato ya nemo lambar da biyu da uku duka suke shiga cikinta. Ya yi shiru, ya ƙirga da yatsu, ya ce, "Kawu, shida ce ko?" Ban ce masa komai ba. Ya mayar da rabi uku bisa shida, sulusi biyu bisa shida, ya samu biyar bisa shida. Shafin bai lissafa masa wannan tambayar cikin waɗanda ya ci ba, tunda ya nemi taimako, don haka dole ya sake yin wasu irinta. A aji, da wannan kuskuren sai ya kwana a littafinsa har malami ya samu sukunin dubawa, lokacin da shi yaron ya manta ma yadda aka yi ya kai ga amsar.

A fannin kimiyya kuwa, ban ga abin da ya kai PhET ba. Carl Wieman, wanda ya samu kyautar Nobel a fizis a 2001, shi ya kafa shirin a 2002 a Jami'ar Colorado da ke Boulder, kuma har yau kyauta ne. Abin da suke yi shi ne kwaikwayon gwaje-gwaje a fuskar kwamfuta ko waya. Akwai wanda ake haɗa layin lantarki: ga batir, ga wayoyi, ga ƙwan fitila, ga makunni, ɗalibi ya jawo su da yatsa ya haɗa yadda ya ga dama. Idan ya jera ƙwai biyu a layi ɗaya zai ga haskensu ya ragu, idan ya bai wa kowanne reshensa zai ga sun haska sosai, idan kuma ya haɗa bakin batir biyu da waya ba tare da komai a tsakani ba, sai batirin ya kama da wuta a fuskar allon, ba tare da an yi asarar ko kwabo ba. Wanda ya san yadda ɗakunan gwaje-gwaje suke a makarantun gwamnati da yawa, inda ɗalibi zai iya gama sakandare bai taɓa riƙe ma'aunin lantarki ba sai ana gobe jarrabawa, zai gane girman wannan. Ba zai maye gurbin taɓa kayan aiki da hannu ba, kuma masu shirin ma ba su ce haka ba, amma ya fi zanen alli nesa ba kusa ba. Sai dai akwai sharaɗi: idan aka sakar wa yaro shi haka kawai, wasa zai yi ta yi yana ƙona batir. Sai an ba shi tambaya, an ce ya faɗi abin da yake zaton zai faru kafin ya danna makunni, sannan ya gwada ya ga ko ya canka.

GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya fara a 2001 a Jami'ar Salzburg ta Ostiriya, irin wannan aikin take yi a lissafin siffofi. Ɗalibi ya kama kusurwar alwatika ya ja ta duk inda yake so, lambobin kusurwoyin uku suna canzawa a gabansa, amma jimillarsu tana nan a digiri 180. Scratch kuma, ta jami'ar MIT, wadda aka fitar a 2007, tana koya wa yara tsara umarnin kwamfuta ta hanyar jera tubala masu launi.

Ba kowane darasi ne ya ci wannan gajiyar daidai da ɗan uwansa ba, kuma masu tallar manhajoji ba su cika faɗar wannan ba. Na'ura ta iya duba amsar da take ɗaya tilo, don haka lissafi da fizis da kimiyyar sinadarai da haddar kalmomin wani harshe sun dace da ita. Amma rubutun insha'i, ko bayanin dalilan da suka kawo jihadin 1804, ko fashin baƙin waƙa a darasin adabin Hausa, waɗannan sai mutum ya karanta ya ce maka hujjarka ba ta tsaya ba. Da zarar an mayar da tarihi tambayoyin zaɓi ɗaya cikin huɗu, abin da ya rage shi ne shekaru da sunaye. Manhajojin da ke hira da mutum sun fara shiga wannan fagen, suna duba rubutu suna ba da shawara, amma suna iya faɗar abin da ba haka ba da cikakken ƙarfin gwiwa, kuma ɗalibin da bai san darasin ba shi ne ba zai iya kama su ba.

A Najeriya abin da ya fi tura matasa ga atisaye a na'ura shi ne JAMB, wadda ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya a 2015: tambayoyi 180 cikin awa biyu, a darussa huɗu. Manhajojin tsofaffin tambayoyi sun cika kasuwa, kuma suna da amfaninsu, domin yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba zai iya asarar minti masu tsada yana neman inda zai danna, ga agogo yana ƙirgawa a gefen allo. Illarsu ita ce suna saurin komawa haddar amsa. Na sha ganin ɗalibi ya ce "C ce" tun kafin ya gama karanta tambayar, saboda ya taɓa cin karo da ita, amma a canza lamba ɗaya a ciki sai ya rikice. Manhajar da ba ta bayyana dalilin da ya sa amsa ta zama daidai ba, kuma ba ta mayar da ɗalibi ga babin da ya nuna rauni ba, gwaji kawai take yi.

Babbar matsalar karatun kai da kai ita ce ɗorewa. Binciken da Justin Reich da abokin aikinsa suka wallafa a mujallar Science a 2019, a kan darussan intanet na jami'o'in Harvard da MIT, ya nuna cewa a shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018 kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai na masu rajista suka kammala, alhali yawancinsu manya ne da suka shiga da ra'ayin kansu. Ƙasar Peru kuma ta raba wa yaran firamare na karkara ƙananan kwamfutoci, amma da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya auna sakamakon a makarantu 319, rahotonsa na 2012 bai ga wani ƙari a makin lissafi ko na harshe ba. A gefe guda, an gwada wata manhaja mai suna Mindspark a birnin Delhi na Indiya, aka wallafa sakamakon a 2019. Manhajar tana fara gano ainihin matakin yaro, ko da ajinsa na shida ne amma iyawarsa ta aji uku ce, ta fara da shi daga can. Cikin wata huɗu da rabi yaran suka samu ci gaba kimanin ninki biyu na takwarorinsu a lissafi. Abin lura shi ne ba a gida aka bar su da waya ba. Cibiya suke zuwa bayan an tashi daga makaranta, a ƙayyadadden lokaci, rabin zaman a gaban kwamfuta, rabi tare da mai koyarwa a ƙaramin rukuni.

Sai kuma tsadar data, da rashin wutar caji, da wayar da a gidaje da yawa ɗaya ce tak kuma tana aljihun maigida har dare. Wasu daga cikin waɗannan suna da mafita. Ana iya sauke gwaje-gwajen PhET sau ɗaya a yi ta amfani da su ba tare da intanet ba. Kolibri, ta ƙungiyar Learning Equality, an gina ta ne musamman domin wuraren da babu sabis: a ɗora darussa a kwamfuta ɗaya a makaranta, sauran na'urori su jawo daga gare ta. Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF a 2022, bayan darasin da rufe makarantu na 2020 saboda annobar korona ya koyar, kyauta ne kuma yana bin tsarin karatun ƙasa, har da darussa cikin Hausa. 'Yan uwanmu na Nijar kuma suna da Khan Academy cikin Faransanci. Duk da haka harshe yana nan a matsayin shinge, domin yaron da Turancinsa bai nuna ba zai iya faɗuwa tambayar lissafi saboda bai gane jimlar ba, ita kuwa na'ura sai ta ɗauka lissafin ne bai iya ba ta ƙara masa wani.

Shi ya sa idan uba ko uwa suka tambaye ni wace manhaja za su sauke wa yaro, nakan fara tambayarsu wane ne zai zauna da shi. Ba lallai mai zaman ya iya darasin ba. Aikinsa shi ne ya tsayar da lokaci, ko da rabin awa ne tsakanin magariba da isha'i, ya tabbatar akwai littafi da fensir a gefen wayar, ya bar yaron ya fara daga ajin da ke ƙasa da nasa idan can ne giɓin yake ba tare da an yi masa gori ba, kuma a ƙarshen zama ya kife wayar ya ce, "To, yi mini bayanin abin da ka koya yau." Uwar da ba ta yi boko ba za ta iya gane yaron da yake bayani daga wanda yake kame-kame, kuma idan kame-kamen ne, gobe a wannan darasin za a sake zama.