Aikin da ke ɓoye a bayan dashbod

Ƙarshen watan jiya na ajiye aiki a shagon haɗa kayan sauti na mota da nake yi a nan Bronx. Ban fita da faɗa ba, amma ban fita da daɗin rai ba. Tunda zancen ya fara yawo a bakin masallaci, kowa da irin nasa, gara a ji daga bakina.

Yawancin abin da ya ratsa hannuna a shagon nan rediyon tauraron ɗan adam ne. Kamfanin XM ya fara watsa shirye-shirye a 2001, kamfanin Sirius a 2002, suka haɗe a 2008 suka zama SiriusXM. Direbobin tirela ne suka fi son sa, don mutum zai tashi daga New York ya nufi Kalifoniya tasharsa ba ta ɓace ba. 'Yan gida da ke ganin maɓallin SAT a motocin Kwatano suna dannawa ba ya cewa komai, to wannan ne, taurarin nasa Arewacin Amurka suke fuskanta.

Kama siginar ba ita ce wahala ba. Wahalar ita ce shigar da sautin cikin rediyon da kamfani ya ƙero motar da ita, wadda ba a yi ta don karɓar baƙo ba. In akwai ramin AUX, inda ake soka wayar sauti daga wata na'ura, ka huta. In babu, hanya mafi arha ita ce na'urar da ke kama siginar ta watsa sautin ta FM ba tare da waya ba, rediyon motar ta kama kamar wata tasha. A ƙauyen Pennsylvania wannan na iya yi. A New York kuwa, daga 88.1 har 107.9 da wuya ka sami gurbin da babu mai magana a kai ko a gefensa. Ga shi tun 2006 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta gano wasu na'urorin sun wuce ƙarfin da doka ta yarda, waɗanda suka biyo baya aka rage musu ƙarfi. Sai direba ya hau gada ya ji wata tasha ta danne tasa. Aikin gaskiya shi ne a ciro rediyon, a sa ɗan akwatin FM Direct tsakanin wayar eriya da bayanta, a kuma nemo wa na'urar wutar da ta dace. Wannan yana cin lokaci, maigidan shagon kuwa lokaci ne abin da ba ya yafewa. Maganarsa kullum ita ce wanda ya biya kuɗi ba ya leƙa bayan dashbod.

A tsakiyar sanyin bara wani dattijo ɗan Nijar, wanda nake ɗauka kamar uba, ya kawo motar da yake kabu-kabu da ita zuwa filin jirgi. Ni na ce masa ya zo wurinmu. Motar irin ta zamani ce, kwamfuta ke ba rediyonta umarnin tashi, don haka a bayan rediyon babu wayar da ke kawo wuta in an murɗa makulli kaɗai. Wadda ke bayan rediyon ɗauke take da wuta dare da rana. Na kwanta rigingine ƙarƙashin sitiyari, tocila a baki, ina bin fis ɗaya bayan ɗaya da tsinken mitar awon wuta: in murɗa makulli in ga volt 12, in kashe in ga ko ta faɗi sifili. Na kusa samu ke nan maigida ya zo ya tsaya a kaina, ya ce akwai motoci a layi, in jona a bayan rediyo in rufe. Na ce masa wannan wayar ba ta mutuwa, za ta zuƙe batir. Ya ce in tashi in kama wata motar, shi zai ƙarasa. Takardar aikin dai sunana ke kai.

Alhaji ya yi fama da mura, motar ta kwana huɗu a ajiye cikin ƙanƙara. Ranar da ya fito da asuba zai ɗauki fasinja, ko ƙyas ba ta yi ba. Ya rasa fasinjan, ya biya mai janwe. Da aka buɗe dashbod a gabansa, ga wayar nan an feƙe ta, an murɗa da hannu, an naɗe da baƙin salatif da ya fara saki. Duk wanda ke shagon ya san ni da dalma nake jona waya in sa mata robar da ake ƙonawa ta kama. Sun kuma san hannun wa ke naɗa salatif haka. Maigida ya ɗaga takardar, ya nuna sunana, ya ce wa Alhaji mutuminka ne ya yi. Babu wanda ya ce uffan.

Alhaji bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Kallona kawai ya yi ya ce, "Ɗana, ai don kai na kawo motar nan." Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, zan gyara." Ban iya ƙaryata maigida a gabansa ba, ga kuɗin haya, ga waɗanda ke jira a gida. A albashin makon aka cire mini kuɗin sabon batir. Ranar Lahadi na je ƙofar gidansa da kayan aikina, yatsuna na daskarewa, na kwance komai na ɗauko wuta daga akwatin fis, na sa wa layin nasa fis ɗin daban. Sai da na gama na gaya masa yadda aka yi. Ya yarda da ni, amma labarin farko ya riga ya zaga, kuma shi mutane suka riƙe. Har yau akwai direban da in mun gaisa sai ya tambaye ni ko na koyi aikin yanzu.

Tun daga nan ba na barin sunana a kan aikin da wani ya ƙarasa. In aka tashe ni daga mota, ina rubuta inda na tsaya, in ɗauki hoton wayoyin da wayata kafin a rufe. Mai shiga wannan sana'a ya fara haka tun ranar farko, ko da maigidan nasa na yi masa dariya da fara'a.

Sauran na sana'a ne. Eriyar rediyon tauraron, mai maganaɗisu, a kan rufi take zama, kan ƙarfe, inda take ganin sama, ba a kan dashbod ba komai roƙon mai mota. Wayarta siririya ce, ƙofa ta matse ta sau ɗaya ta gama. In za ka sauko da ita ta ginshiƙin gefen gilashin gaba, ka bi da ita ta bayan jakar iska, kada ta gitta ta gabanta. Wannan kam rai ne, kuma na sha buɗe motocin da aka gitta. Soket mai launin rawaya na jakar iska ne, kada tsinken mitarka ya taɓa shi. In ka ji wani siririn kuka a sifika yana hawa yana sauka da totur, matsalar at ce, wato wayar da ake ɗaurewa a ƙarfen jikin mota, ba na'urar ce ta lalace ba, kada ka sa mutum ya sayi sabuwa. Kafin ka cire kan batir kuma ka tambayi lambar sirrin rediyon, wasu tsofaffin motoci kulle kansu suke yi.

Waɗanda na kai shagon nan aka yi musu aiki, ku gwada abu guda yau da dare: ku kashe mota, ku zare makulli, ku buɗe ƙofa ku rufe, ku ɗan jira. In fuskar na'urar ta ci gaba da haske, ku neme ni bayan sallar Juma'a in duba, ba sai kun biya ba.