Abin da tura wuta ƙetaren iyaka ya koya mana

Abu na farko da muke gaya wa sabon ma'aikaci a ɗakin sarrafa wuta shi ne, lantarki ba gero ba ne da za a zuba a rumbu. Abin da injin ya samar yanzu, yanzu za a sha shi. A kan haka aka gina haɗakar wutar Afirka ta Yamma, WAPP, wadda ECOWAS ta kafa a 1999, hedikwatarta a Kwatano.

Tun yau muke tsara wutar gobe. Mai saye ya turo jadawali, awa bayan awa, ga megawat ɗin da yake so, mu kuma mu duba ko layi zai ɗauka. A nan agogo ya taɓa yi mana ɓarna. Najeriya, Nijar da Benin lokacinsu ɗaya, amma Togo, Ghana da Burkina Faso suna bayanmu da awa guda. Wanda ya rubuta "ƙarfe bakwai" bai faɗi na wace ƙasa ba, ya jawo rigimar lissafi a ƙarshen wata.

Mita kuwa biyu ake kafawa, ɗaya a kowane bakin layi, kuma ba za su taɓa nuna adadi ɗaya ba, domin wani ɓangare na wutar na zama zafi a jikin waya. Lallai yarjejeniya ta faɗi wace mita ce ta kuɗi, da wanda zai ɗauki asarar.

Layin Birnin Kebbi zuwa Yamai mai kilobolt 132 (ma'aunin ƙarfin wuta ke nan) ya fi koya mana darasi. Dogo ne, idan aka labta masa kaya sai ƙarfin wuta ya zube kafin ya isa. A watan Afrilu da Mayu, daidai lokacin da kowa ya kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki, waya ke yin zafi ta lanƙwaso ƙasa, dole mu rage abin da muke turawa. Na ga ido na bin allo, bugun wuta na sauka daga 50 a daƙiƙa da ya kamata ya tsaya a kai, hannu a kan wayar tarho ana roƙon ɗaya ɓangaren ya sauke lodi.

Duk umarnin da aka bayar ta waya, mai karɓa sai ya maimaita shi, musamman da yake wani da Turanci yake aiki, wani da Faransanci.

Abin da ya fi damuna shi ne dogaro da hanya ɗaya. A Agustan 2023, bayan juyin mulki, aka katse wa Nijar wuta, ba a mayar ba sai Maris 2024. Shi ya sa nake ɗokin sabon layin kilobolt 330 da zai haɗa Birnin Kebbi, Yamai da Wagadugu, da reshe zuwa Malanbil a Benin.