Daren da Na Ga Centaurus A a Sutherland

Mun bar Cape Town ta Afirka ta Kudu da hantsi cikin watan Mayu, ni da ƙanena. Muka bi babbar hanyar N1 har Matjiesfontein, daga nan muka karkata arewa zuwa Sutherland. Karoo, yankin da muke ratsawa, fili ne fetal, ƙananan tsirrai da duwatsu, sai tumaki jefi-jefi. Kafin mu isa gari mun hango ginin SALT a kan tudu, babbar na'urar hangen taurari da aka buɗe a 2005, wadda madubinta haɗin ƙananan madubai 91 ne.

Sanyin garin ba a cewa komai. Rana na faɗuwa yatsuna suka ƙage.

Abin da ya kai ni can shi ne NGC 5128, wanda aka fi sani da Centaurus A, galaksi (wato babban tarin taurari) mai siffar ƙwai da masanin taurari James Dunlop ya fara gani a 1826 daga Parramatta ta Ostareliya. A Sutherland yakan hau kusan tsakar ka. Mai yi mana jagora ya fara saita ƙaramar na'urarsa kan dunƙulen taurarin Omega Centauri, sannan ya ɗan matsa da ita arewa.

Da farko ban ga komai ba sai wani hazo-hazo. Ƙanena ya ce, "Yaya, kada ka zuba masa ido kai tsaye, kalli gefe kaɗan." Na yi haka, sai ga shi: dunƙulen haske mai laushi, baƙin layi ya raba shi biyu.

Wannan layin ne ya tsayar da ni. Galaksi masu siffar ƙwai galibi tsofaffin taurari ne, ƙurarsu kaɗan ce, ba su cika haifar sababbi ba. Wannan kuwa ɗamara ce ta ƙura a ƙugunsa, kuma masana na ganin ragowar wani galaksi ne mai siffar murɗe da ya haɗiye. A tsakiyarsa akwai baƙin rami, wato wurin da ko haske ba ya iya kuɓuta daga ƙarfin jansa, mai nauyin rana kusan miliyan 55. Hasken da ya shiga idona ya yi kimanin shekara miliyan 12 a hanya.

Na daɗe ban ɗaga kai ba, har ƙanena ya taɓa kafaɗata ya ce wasu na jiran layi. Na koma baya, na sake shiga layin.