Daren da Ummi ta yi jijjiga

Har yanzu jikina bai daina rawa ba. Shekaranjiya da dare, a gidanmu na Ƙofar Marusa, zazzaɓi ya rufe Ummi, 'yar shekara 2. Sai kawai idanunta suka kakkafe, hannu da ƙafa na fizga, kumfa a baki. Kakarta ta ɗauko cokali za ta cusa mata, na ce, "Hajiya, don Allah ki bari, sai ya ji mata ciwo." Na kwantar da ita ta gefe don kada yawu ya shaƙe ta, na duba agogo. Minti 5 ya wuce ba ta saki ba, muka tari Napep sai asibiti.

Ba su tsaya neman jijiya ba, ta dubura suka ba ta diazepam, maganin tsayar da jijjiga, suka sa mata iskar oksijin, suka ɗan tsaga yatsarta aka auna suga da maleriya. Maleriya ce. Abin da ya tsaya mini a rai, likita ya ce jijjiga in ta daɗe takan ƙi jin magani, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa.

Yau da safe ta ce, "Baba, koko." Alhamdulillah, wallahi sai da na yi hawaye.