Cibiyar Ƙwayar Zirkon da Abin da Ta Jawo Mini

A makon nan na kwashe kayana daga ɗakin gwaje-gwaje, amma har yanzu ƙwayar zirkon ɗaya, wato ɗan ƙaramin ma'adinin da ake auna shekarun dutse da shi, ta tsaya mini a rai.

Duk wanda ya yi aiki da dutsen giranit ya san abin da muke nema: shekarunsa. Idan nahiyoyi suka yi karo, ɓawon ƙasa kan narke can ciki, ya huce sannu a hankali, zirkon ɗin da ke cikinsa kuma ya kulle yuraniyom da ke rikiɗewa zuwa dalma. Da lissafin yawan yuraniyom da dalmar nan, wanda ke nuna shekarun dutse, aka gane cewa giranit na Najeriya da Kamaru da na yankin Borborema a Brazil 'yan gida ɗaya ne, na kusan shekara miliyan 600, lokacin da tsohuwar babbar nahiyar Gondwana ke haɗuwa.

Ni kuwa da na auna nawa giranit ɗin sai na fito da shekara biliyan 2.1. Daren nan ban yi barci ba don murna, ina ganin na kama shaidar haɗuwar tsohuwar babbar nahiyar Kolumbiya, wadda ta riga Rodiniya ma, nahiyar da ta gabaci Gondwana.

Kafin a harba leza, wato hasken da ake auna ƙwayar da shi, na roƙi a ɗauki hoton cikin ƙwayoyin. Farfesan da ke duba aikina ya ce, "Kai dai harba a tsakiya, lokaci ya ƙure." Na ce, "To, ranka ya daɗe." Wannan "to" ɗin ne laifina, ban musa ba. Ranar kare aiki, mai jarrabawa daga waje ya tambayi hoton. Farfesa ya juyo ya ce, "Na sha gaya masa." A gaban kowa.

Da aka ɗauki hoton, ga abin a fili: cibiya mai duhu, gefunanta a lashe, kewaye da sabon ɓawo layi-layi kamar zoben kututture. Cibiyar gado ce daga tsohon dutsen da ya narke ita ta tsira. Shekarun giranit ɗin suna ɓawon, wanda ban taɓa ba.

Sauran darussan gajeru ne. Ka rubuta kowane umarni a littafinka da kwanan wata. Kada ka gina labarin nahiya a kan ƙwayoyi biyar. Ka mutunta mai kula da na'ura, ya fi manya da yawa sanin zirkon.

Wata takwas na yi ina sake aunawa ni kaɗai, ɓawo bayan ɓawo. Duk sun faɗa zamanin Gondwana, kuma ko yau aka sake gwadawa za su tsaya. Sunan Farfesa ne na farko a kan takardar.