Watanni Uku da Na Yi Ina Shiga Gadon Haske

Hunturu na biyu da na yi a ƙasar da na je karatu shi ne ya karya mini jiki. Rana takan fito a makare, ta tsaya can ƙasa-ƙasa ba tare da zafin kirki ba, kafin ƙarfe huɗu na yamma kuma duhu ya soma rufe gari, ni kuwa yinina duka a cikin gini nake, daga aji sai ɗakin karatu. Na fara jin ciwo a ƙugu da ƙwauri, irin ciwon da mutum ba ya iya ɗora yatsa a kansa ya ce ga wurin, ga kasala wadda barci ba ya maganinta. Da likita ta sa aka ɗibi jinina, sakamakon ya nuna cewa bitamin D ɗina ya yi ƙasa ƙwarai. Ta rubuta mini ƙwayoyi, ta kuma yi mini bayani cewa a ƙasashen da suka yi arewa sosai, irin su Ingila, daga Oktoba zuwa Maris rana ba ta da ƙarfin da zai sa fata ta samar da wannan bitamin, kuma mai duhun fata ya fi shiga matsala, domin sinadarin melanin da ke ba fatarsa launi yana tare wani kaso na hasken kafin ya isa inda ake bukatarsa.

Mako biyu na yi ina shan ƙwayoyin, sannan na ajiye su. Tunanina a lokacin shi ne, tunda rana ce jikina ya rasa, ranar ya kamata in ba shi, ba ƙwaya ba. Wani abokin karatuna Bature, wanda muke zuwa wurin motsa jiki tare, ya nuna mini wani ɗaki a bayan wurin inda aka ajiye gadon da Turawa ke kwanciya a ciki don fatarsu ta yi duhu, ya ce shi a nan yake samun tasa ranar duk lokacin sanyi. Shi launi yake nema, ni kuwa ba ni da bukatar launi, lafiya nake nema. Na shiga harkar da zato guda biyu waɗanda ban tsaya na tambayi kowa a kansu ba: cewa hasken gadon daidai yake da hasken rana, da kuma cewa duk wani haɗari da ake faɗa na masu farar fata ne, bai shafe ni ba.

Gadon dogon akwati ne mai murfi, an jera dogayen fitilu a ƙasansa da cikin murfin, an rufe su da roba mai kama da gilashi. Mutum yakan shiga shi kaɗai, ya kwanta rigingine a kan robar mai sanyi, ya jawo murfin har ya rage ɗan tazara tsakaninsa da hanci, sai fitilun su kama da wani haske shuɗi-shuɗi, fanka ta fara kaɗawa daga wajen ƙafa. Cikin minti biyu robar takan ɗumama, ɗumin ya ratsa baya har cikin ƙashi. Ana ba mutum ɗan ƙaramin tabarau mai duhu ya ɗora a kan idanunsa. Da minti shida na fara, na koma takwas, daga baya na kai goma sha biyu, sau biyu a mako, kuma babu wanda ya taɓa tambayata ko ina shan wani magani, alhali akwai magunguna, irin su doksisaikilin, da ke sa fata ta ƙone da ɗan haske kaɗan.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin abin. Nakan fito jikina sakayau, raina wasai, har na riƙa ɗokin ranar zuwa, kuma wannan daɗin ne na ɗauka a matsayin shaida cewa magani yana ci. Sai daga baya na fahimci inda yake fitowa. Idan irin wannan haske ya bugi fata, ƙwayoyinta sukan saki sinadarin da ke umartar a ƙara melanin, kuma tare da shi ake sakin wani mai suna beta-endofin, wanda ke rage jin ciwo yana kawo nishaɗi. Ke nan daɗin da nake ji gaskiya ne, amma ba ya nuna cewa jinina ya gyaru, kuma shi ne ke sa wasu su kasa rabuwa da gadon ko da sun san illarsa.

Wata rana na manta da tabaraun a cikin jaka, na ga ƙyuyar tashi in ɗauko, na ce ai runtse ido ya isa. Ban ji komai ba har na dawo gida na kwanta. Wajen ƙarfe biyun dare na farka idanuna suna raɗaɗi kamar an watsa musu yashi, hawaye na zuba ba tsayawa, ko hasken waya ba na iya kallo. Kwana biyu na yi a ɗaki da labule a sake, ina ɗora tsumma mai sanyi a fuska. A asibiti aka ce mini saman ƙwayar idon ne ya ƙone, cewa alamar takan bayyana sa'o'i shida zuwa goma sha biyu bayan an sha hasken, kuma fatar ido siririya ce, ba ta isa kariya ba. Na warke, amma a cikin daren nan na gane ma'anar garin neman gira a rasa ido fiye da yadda na taɓa gane ta. Abin da har yau yake damuna shi ne, bayan na warke na sake komawa, wannan karon da tabarau, kamar dai idon ne kaɗai abin da hasken yake taɓawa.

Abin da ya tsayar da ni shi ne tabo-tabo masu duhu da suka fito mini a kumatu da goshi, da kuma gwajin jini na biyu, wanda ya nuna cewa bayan watanni uku bitamin ɗin ɗan motsi kaɗan ya yi. Likitan fata da aka tura ni wurinsa bai yi mini faɗa ba, takarda ya jawo ya zana mini layi biyu. Ya ce hasken da ake kira UV, wanda ido ba ya gani, iri biyu ne ke isowa ƙasa daga rana. UVA shi ne mafi yawa, kusan kashi 95 cikin 100, yana nutsawa can cikin fata, yana lalata zaren da ke riƙe ta, shi ya sa yake kawo tamoji da tabo da tsufan fata da wuri. UVB ɗan kaɗan ne, a sama-sama yake tsayawa, shi ne ke ƙona fata, kuma shi kaɗai ne ke juya wani sinadari da ke cikinta ya zama bitamin D, wanda hanta da ƙoda suke ƙarasa sarrafawa don jiki ya iya tsotsar kalsiyam ya gina ƙashi. Gadon haske kuwa an ƙera shi ne don ya ba da launi da sauri ba tare da ƙuna ba, saboda haka galibin abin da yake fitarwa UVA ne, sau da yawa da ƙarfin da ya wuce na ranar tsaka. Watanni uku ke nan na yi ina cika fatata da irin hasken da ba na bukata, don ɗan ƙanƙanin abin da ƙwaya ɗaya a rana za ta ba ni.

Daga nan na shiga karatu a kan lamarin, kuma abin da ya fi girgiza ni shi ne gano cewa duhun da fata ke yi bayan shan rana martani ne ga rauni. Sai hasken ya taɓa ƙwayoyin halittar da ke cikin fata tukuna jiki yake ƙara melanin don ya kare abin da ya rage, kuma kariyar da wannan sabon launi ke bayarwa ba ta taka kara ta karya ba. A 2009 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya waɗannan gadaje a rukuni na farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, rukuni ɗaya da taba sigari. Wani babban nazari da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa waɗanda suka fara shiga gadon kafin shekara 35 haɗarin kamuwarsu da melanoma, mafi munin sankarar fata, ya ƙaru da kashi 59 cikin 100. Brazil ta haramta gadajen na kwalliya tun 2009, yawancin jihohin Ostareliya sun rufe na kasuwanci daga farkon 2015, Ingila kuma ta hana 'yan ƙasa da shekara 18 shiga tun 2011.

Gaskiya ne cewa waɗannan alƙaluma galibi daga masu farar fata aka tattara su, kuma mai duhun fata bai kai su haɗarin sankara ba ko kusa. Amma ni shaida ne cewa melanin bai kare mini ido ba, bai hana tabo ba, kuma likitan ya ja hankalina cewa idan sankarar ta kama baƙar fata an fi gano ta a makare, domin takan ɓuya a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, inda ba a cika dubawa ba. Zabiya kuwa, waɗanda fatarsu ba ta da wannan kariya, su ne na fi jin tsoro a kansu duk lokacin da na tuna da ƙarfin fitilun nan.

Duk da haka ban fito daga wannan lamari ina ƙin rana ba. Amfaninta tabbas ne: tana hana laushin ƙashi ga yara, hasken safiya yana daidaita barci, kuma likitoci da kansu suna magani da haske, tun zamanin Niels Finsen, ɗan Denmak da ya samu kyautar Nobel a 1903 saboda warkar da tarin fuka na fata ta wannan hanya. Har yanzu asibitoci na amfani da wani siririn zango na UVB wajen magance cututtukan fata irin su soriyasis da ciwon nan da ke cinye launin fata ya bar farin tabo, amma a can ana auna hasken da daƙiƙa, ana rubuta jimillar abin da mutum ya sha, ana rufe inda ba ya bukata. Ba abu ɗaya ba ne da ɗakin da mutum ke zaɓar wa kansa mintoci.

Ita ma ranar sai da ta koya mini nata darasin. Da bazara ta shigo, ɗokin ganinta ya sa na kwanta a bakin teku da tsakar rana har kusan sa'a uku. Fatata ba ta yi ja ba, don haka ban ga alamar da abokaina suka gani a jikinsu suka gudu inuwa ba. Da dare kafaɗuna suka ɗauki zafi suka ɗaure, riga ma ba na son ta taɓa su, bayan kwana huɗu kuma fatar ta yi furu-furu ta soma saɓulewa.

Yanzu na koma shan ƙwayoyin duk lokacin sanyi, kuma ciwon ƙugun ya tafi cikin 'yan watanni. Nakan sha hantsi ina tafiya, na ɗan lokaci, a waje ba ta bayan taga ba, tunda gilashi yana tare UVB. Idan inuwata ta fi ni gajarta nakan nemi inuwar bishiya ko in sa hula, in shafa man kariya daga hasken rana mai ƙarfin lamba 30 a fuska, in sake shafawa bayan sa'a biyu. Tabon goshin ya dushe, amma na kumatun hagu yana nan, kuma duk bazara yakan ƙara duhu kafin ya lafa.