Shekara 22 bai taka gida ba

Jiya bayan sallar isha'i a masallacinmu na nan Bronx, a birnin New York na Amurka, muka zauna zaman makoki da wani dattijo makwabcina, mahaifiyarsa ce ta rasu a Damagaram, Allah ya jikanta. A waya ya kalli jana'izar, kanensa ya rike masa bidiyo ta WhatsApp, shi kuma yana zaune kan darduma hannunsa na rawa. Wlh har yanzu abun bai bar raina ba.

Na ce Baba me ya hana ka tafiya, ya ce ɗana in na fita shikenan, ba takarda. Kuma gaskiya ne, dokar shige da fice ta Amurka ta 1996 ta ce wanda ya wuce shekara ɗaya ba izini in ya fita sai ya yi shekara 10 kafin a bar shi ya dawo, ga yaransa uku duk nan aka haife su 'yan kasa ne, ga aiki yana yi yana biyan haraji, to ya zai yi?

Abun da ke ban haushi 'yan siyasa kullum sai gardama a talabijin. Shugaba Reagan ya sa hannu kan wata dokar shige da fice a 1986, mutum kusan miliyan 2.7 suka samu takarda. A 2013 majalisar dattawa ta amince da gyaran dokar shige da fice, kuri'a 68 da 32, majalisar wakilai ko kuri'a ba ta kaɗa a kai ba. Masu cewa a tsare iyaka na ji su, amma wanda ya yi furfura a nan fa?

Da zan tafi ya ce in taya shi da addu'a, ko kabarinta ne ya samu ya gani.